Haddin Asusun Raihana

Hantsi ne, amma rana ba ta fito ba. Ruwan da aka kwana ana yi ya bar ƙauyen Hillat Audi na ƙasar Sudan cikin baƙar laka mai cire wa mutum takalmi, hadari kuma yana nan tsaye ta wajen kogi, bai gama shawara ba. Raihana tana tsugune a ƙarƙashin rumfa tana shafa kisra, siririyar wainar dawa, hayaƙin jiƙaƙƙen icce yana shiga idonta, sai ta ji sallamar mace.

Muhsina ce, maƙwabciyarsu, ta tattare zane har gwiwa saboda laka. Ta wuce ta gaban Sadisu, mijin Raihana kuma uban ɗiyarta Samira, wanda ke zaune kan gado yana shan jabana, gahawarsa ta safe.

"Abu Samira, an tashi lafiya?" ta ce, ba ta ma tsaya jin amsa ba. "Raihana, don Allah duba mini wayarki. Yaron nan nawa na Bur Sudan ya ce ya turo kuɗi tun jiya."

Raihana ta goge hannu a gefen zane, ta ciro wayar daga cikin gwangwanin da take ajiye ta saboda danshi. Ta ɗaga ta sama, ta matsa jikin katanga inda shabaka, wato sabis ɗin waya, ke ɗan kamawa.

"Sun shigo. Ki tahi wurin Alhasan mai kanti, ni zan tura mishi, ki amshi abin da kike so."

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyar Asabe. Da ba ki a garin nan ban san yadda za mu yi ba."

Ta fita tana ta sa albarka. Sadisu ya bi ta da kallo har ta ɓace. Ya ajiye ɗan kofinsa a hankali.

"Ɗiyar Asabe," ya ce. "Ni na zaci gidan nan gidan Sadisu ne."

Raihana ta yi murmushi, don a lokacin ta ɗauka wasa yake yi.

Asusun banki ne duk ya kawo wannan. Tun da yaƙi ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, komai ya koma ta waya, har gishiri da sabulu. Ƙanen Raihana, Izzuddeen, yana kiwon tumakin wani Balarabe a Saudiyya, ba a biyansa sai an ga dama, wani lokaci bayan wata uku, wani lokaci fiye. Mahaifiyarsu, Inna Asabe, tana da ciwon sukari, allura take yi safe da yamma. Shi ne Izzuddeen ya ce Raihana ta je birnin Sinja ta buɗe asusu da sunanta, in an biya shi ya turo a dunƙule, ita kuma ta riƙa tura wa mai magani duk wata, direban motar kasuwa ya kawo.

Ranar da ta buɗe, ma'aikaciyar bankin ta ja mata kunne da abu ɗaya. Akwai wani adadi da dole ya zauna a ciki kullum, shi suke kira haddi. In kuɗin suka sauka ƙasa da shi, ƙarshen wata banki zai yanki rusum, wato kuɗin riƙon asusu, mai nauyi. In kuma aka zo yanka wata da watanni ba a sami abin yanka ba, sai a tsayar da asusun. Raihana ba ta yi karatu mai nisa ba, amma wannan ta riƙe shi kamar yadda take riƙe irin shuka, wanda ko yunwa ta yi yawa ba a daka shi.

Sadisu ba mugun mutum ba ne a idon gari. Yana da gonar riɗi a bayan magudanar ruwa, yana sallah a sahun gaba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Abin da ya tsaya masa a wuya tun farko shi ne surukinsa, yaron da ya girma a gabansa, ya tsallake shi ya ce mace ta riƙe.

Kwana biyu bayan zuwan Muhsina ya dawo daga kantin Alhasan fuska a ɗaure. Ya zauna bai cire takalmi ba.

"Kin san mi suka ce mini yau? Na yi sallama, sai Salih ya ce, 'Ku matsa, ga mijin mudira ya iso.' Mudira, wai shugabar banki, ke kenan. Suka yi ta dariya har da buga cinya."

"Ma'alesh, yi haƙuri, Abu Samira. Ka san bakin Salih."

"Na san bakin Salih. Abin da ban sani ba, nawa ke cikin wayar da ke kwana a ɗakina."

"Kuɗin maganin Inna ne, da na mutane da ke wucewa."

"To buɗe in gani. Ko akwai sirri tsakanin mace da mijinta?"

Ta buɗe, ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallon lambobin, leɓensa yana motsi. Sannan ya ce ciyawa ta cinye riɗi, masu noma suna son a ba su wani abu kafin su shiga. Aro zai yi, in an yanke riɗi ya mayar.

"Na magani ba zan iya taɓawa ba," ta ce.

"Ban ce na magani ba. Wanga da ke zaune a ƙasa, da ba ya zuwa ko'ina."

"Shi ne haddin. In aka taɓa shi za su riƙa yanka."

Sadisu ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Wane irin kuɗi ne wannan, naka ne amma ba ka taɓawa? Haba, ya zol! Gonar da za ta ciyar da ke da ɗiyarki tana mutuwa, ke kina gadin kuɗin da ke kwance. Ko Izzuddeen ne ke aurenki?"

Maganar ta yi mata zafi. Ta tura wa Alhasan abin da ya ce, ya tafi ya karɓa.

Ƙarshen wata saƙo ya shigo, an yanka. Ta nuna masa. Ya ce ɓarayi ne masu banki, kuma ita ta kai kanta. Ya ce ai ga shi nan abin da yake faɗa, kuɗi in ba a yi amfani da su ba wasu ke ci. Saboda haka gara ya ƙara ɗauka kafin su cinye. Wannan karon man injin ban ruwa ne, ko da yake ruwan sama bai ɗauke ba. Daga baya baƙi suka zo daga Rufa'a, ya ce ba zai yiwu a yi musu shayi ba sukari a gidan da ake kira banki ba. Kullum yana da dalili, kuma kullum dalilin yana zuwa ne a ranar da wata mace ta shigo ta gaishe shi a tsaye ta wuce wurin matarsa.

Ya fara hana matan shigowa. In ya ji sallama sai ya riga Raihana amsawa.

"Tana aiki. Nan ba reshen banki ba ne."

Muhsina ta daina zuwa. In sun haɗu a bakin famfo sai ta gaishe ta a gajarce, don ta ɗauka Raihana ce ta yi girman kai.

Da abin ya kai ga kuɗin magani, Raihana ta ɗauki mayafi ta shiga sashen uwar mijinta, Hajja Amina. Tsohuwar tana zaune tana tsince wake a faifai. Ta saurare ta har ta gama, ba ta ɗago ba.

"To, ɗiyata, mi ya yi da kuɗin? Caca ya yi? Mata ya kai wa?"

"A'a, Hajja."

"Gona ya kai, da baƙi. Abin da ya shigo gida ai na maigida ne, haka muka taras. Ni da na yi aure ko kazata ban sayar ba sai uban Sadisu ya sani."

"Hajja, na Inna ne. Allurarta ce."

"Asabe tana da ɗa a Saudiyya." Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake da yatsa. "Ni nawa ɗan yana nan cikin laka, ba wanda ke turo mini ko sisi ta waya. Ban ce komai ba. Kullum ana wucewa ta ƙofata ana cewa Asabe ta haihu, Asabe ta ji daɗi. Mu kuma duwatsu muka haifa. Ki yi haƙuri da mijinki, kin ji? Namiji ba ya son a fi shi a gidansa."

Raihana ta fito. Sai a ranar ta gane ba mutum ɗaya ke jin zafin wayar nan ba.

Watan da ya biyo, kuɗin rabin magani kawai ta iya turawa. Direba ya kawo ɗan ƙullin, ta kai wa Inna a gidanta da ke ƙarshen gari. Inna Asabe tana ajiye kwalaben allurar a cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, don ba wuta balle firji. Ta tona yashin, ta jera su, ta dubi 'yarta.

"Sun ragu."

"Magani ya yi tsada, Inna. Izzuddeen kuma ba a biya shi ba tukuna."

Rabin gaskiya ce. Inna ta gyaɗa kai kawai. Ba ta sake tambaya ba, amma daga ranar ta koma yin allura sau ɗaya, ta ce ta safe ta ishe ta, ta yamma ɓarna ce. Ta fara shan ruwa kamar raƙumi. Wata ƙaya da ta soke ta a dunduniya ta ƙi warkewa, wurin ya yi baƙi-baƙi a gefe. Raihana tana zuwa kullum bayan la'asar ta wanke mata da ruwan gishiri, ta ɗaure da tsumma mai tsabta.

"Mijinki lafiya?" Inna takan ce.

"Lafiya lau."

"To madalla. Ki riƙe shi da kyau, mutumin kirki ne."

Raihana sai ta sunkuyar da kai kan ƙafar, ta yi kamar ɗaurin ne ya kwance.

Sau da yawa ta ɗauki wayar za ta yi wa Izzuddeen saƙon murya. Takan fara, "Ƙanena," sai ta tsaya. In ta faɗa, Izzuddeen zai kira Sadisu, za a yi maganar da ba ta gogewa, gari zai ji cewa ta tona asirin mijinta a ƙasar waje. Sai ta goge.

Wata rana Sadisu ya ce za shi Sinja sayen maganin ƙwarin riɗi. Kafin ya fita ya tsaya a kanta.

"Tura wa Alhasan sauran."

"Abu Samira, in na tura babu komai kenan. Za su zo yanka su taras ba kowa."

"Sai su yanki iska. Kalas, magana ta ƙare, kar ki tsayar da ni, mota za ta tashi."

Ya sa sabuwar jallabiya, ya tafi. Ya kwana biyu. Da ya dawo bai zo da maganin ƙwari mai yawa ba, amma ya zo da fara'a, har ya kawo wa Samira alewa. Raihana ta yi murna da fara'ar, ta yi masa miyar kuɓewa da kifi.

Saƙonnin banki suka ci gaba da shigowa, da Larabcin ofis mai wuya. Wanda ta gane a ciki shi ne ana gargaɗinta. Ta roƙe shi ya mayar ko kaɗan. Ya ce riɗi bai nuna ba. Ta ce ya bar ta ta je Sinja ta yi musu bayani. Ya ce hanya ta lalace, ga shingayen sojoji, ba zai bar matarsa ta kwana a layin banki cikin maza ba, shi mai kishin iyalinsa ne.

Ranar wata Juma'a, ana shirin tafiya masallaci, Izzuddeen ya kira. Muryarsa tana yankewa, ana jin kukan tumaki a bayansa.

"Yaya Raihana, mi ke faruwa? An biya ni, na kai wa mai turawa, ya ce kuɗi sun dawo. Wai asusunki a tsaye yake."

Ta waiga. Sadisu yana tsaye a ƙofar ɗaki yana ɗaura rawani.

Izzuddeen ya ci gaba, "Ban bar miki haddi ba? Ban ce kar a taɓa ba? Ni ina nan cikin rana, ko ruwan sanyi ba na saya, ke abu ɗaya aka ba ki riƙo. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Sadisu ya miƙo hannu. Ta ba shi wayar.

"Izzuddeen, barka da Juma'a. Kar ka yi mata faɗa, ma'alesh. Ka san mata da lissafi, ga kuma ƙawaye da ke ta shiga da fita a asusun, wa ya san inda abu ya bi. Ni na ga haka tun tuni, shi ya sa na je Sinja na buɗe nawa. Bari in karanto maka lamba. Ka riƙa turowa nan, Inna ai uwata ce."

Ya zaro wata waya daga aljihun jallabiya, wadda Raihana ba ta taɓa gani ba, ya karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar mai karanta suna a taron ɗaurin aure. Izzuddeen ya yi masa godiya har sau uku.

Raihana ta zauna a bakin gado. Ta san ba a buɗe asusu hannu wofi, sai an ajiye musu haddi. Ta san kuma inda haddin ya fito.

"Da kuɗin Inna ka buɗe," ta ce bayan ya kashe wayar.

"Da kuɗin gidana na buɗe. Mi ya canza? Da suna hannunki, yanzu suna hannuna. Maganin dai za a saya." Ya gyara rawani. "Yanzu kowa ya koma wurinsa."

Ya fita masallaci.

An sayi maganin, amma ba a ranar ba. Sadisu ya ce sai ya ga direban da ya yarda da shi. Kuma Inna ba ta koma allura biyu ba, don abin da yake turawa ba ya kaiwa. Likitan da ya duba ƙafar a Sinja ya yanke yatsu biyu. Sadisu ne ya kai ta, ya biya da wayarsa a gaban jama'a, mutane suka yi ta cewa Asabe ta yi dacen suruki. Ita ma Inna haka ta ce, tana kwance tana sa masa albarka. Hajja Amina ta zo dubiya da kwanon kunu, fuskarta a sake, ta fi kowa daɗewa.

Yanzu matan gari wurin Sadisu suke zuwa. Suna durƙusawa su gaishe shi sosai, su jira ya gama jabana. Ya sa an kafa masa benci a ƙofar gida, inda shabaka ta fi kamawa. Salih ya daina cewa mijin mudira, ya koma cewa mudir, Sadisu kuma yana amsawa. Ba wanda ya tambayi abin da ya sami asusun Raihana. Abin da gari ya sani shi ne an ba mace riƙo ta kasa.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke riɗi, aka jingina dammunansa suka bushe, aka kakkaɓe. Sadisu bai mayar da komai ba, ba ta kuma tambaya ba, don babu inda za a mayar. Ita dai ta bi sauran mata kala, suna tsince abin da ya zube a ƙasa bayan masu gona sun kwashe. Ta sheƙe, ta tankaɗe ƙasar, ta sami abin da ya cika ƙaramin buhu. Ta yi niyyar saya wa Inna takalmi mai laushi, wanda likita ya ce ta riƙa sawa.

Wata safiya Sadisu ya shigo daga benci da sauri, ya miƙa mata wayarsa ba tare da ya dube ta ba.

"Karanta mini wanga. Rubutun ƙanana ne."

Ta karanta a zuci. Irin saƙon nan ne da ta sani. Ya ranta wa Salih, ya sayi sabon rawani, ya yi wa baƙi yanka, kuɗin sun sauka ƙasa da haddi. Wata kuma saura kaɗan ya ƙare, Izzuddeen bai ce ga ranar da za a biya shi ba.

"Mi suka ce?"

"Sun ce kuɗin sun yi ƙasa. Za su yanka."

"Ƙarya ne. Ni ba a yanka mini, na san mutanen can." Ya karɓe wayar. "Ke dai har yanzu abin na cin ki."

Ya koma waje, ta ji yana dariya da mutanensa.

Raihana ta daɗe a tsaye a tsakar gida. Gaskiya ne, abin yana cin ta. Tana jin dariyar nan a ƙirjinta, tana tuna lokacin da sunanta ake kira a ƙofar. Wani ɓangare na zuciyarta ya ce ta yi shiru, ta bar su su yanka, su sake yanka, har ranar da zai tsaya a gaban Salih ya danna waya ta ƙi. Ta so ta ga fuskarsa a ranar. Ta so ƙwarai.

Amma hanyar allurar Inna yanzu ɗaya ce, kuma ta aljihun jallabiyarsa ta bi.

Bayan azahar, da ya kwanta, ta ɗora buhun kalarta a ka ta tafi kantin Alhasan. Ya auna, ya faɗi kuɗin, ya jawo akwati zai ba ta kaya ko tsabar kuɗi.

"A'a. Ka tura a asusun Abu Samira."

Alhasan ya dube ta ta saman tabarau. Duk abin da aka cire daga nata asusun ta hannunsa ya bi, bai taɓa cewa komai a kai ba.

"In ce daga wa?"

"Kar ka ce daga kowa."

Ya danna, ya juyo mata da wayar ta ga ya tafi. Ta naɗe buhun da babu komai a ciki, ta sa a hammata.

Da ta iso gida Sadisu ya tashi, yana kan benci tare da Salih da wasu mutum biyu, wayar tana hannunsa.

"Kun gani?" yake cewa. "Wani ma ya biyo ni bashin da na manta. Asusu sai wanda ya iya. Ni tun da na buɗe ko sisi ba su taɓa yanka mini ba."

Ya hango ta tana shigewa.

"Raihana, ina kika shiga tun ɗazu? Ɗora mana jabana."

Ta ce to. Ta ajiye buhun a bayan ƙofa, ta hura wuta.